Lamba Arba'in da Bakwai

Goro ashirin a cikin ganye. Sukari kwali biyu. Sabulu sanda ɗaya. Takalmin fata sabo, sau-ciki, lamba arba'in da bakwai. Gorar ruwa da ta kwana a firiza, naɗe a tawul. Takardar da likita ta zana min ƙafa a kai. Waya.

Abin da ke cikin jakata ke nan. Ina bayan babur a hanyar Utai, na ɗan ɗage ƙafar dama don kada dunduniya ta taɓa ƙarfe. Zuwa nake in karɓo takalmin guduna daga ƙafar kawuna.

Bilya ke tuƙi. Tare muka yi firamare a Sabon Garin Wudil. Yanzu shi ke kai ni duk inda ba zan iya takawa ba.

"Yallaɓai mai tsere," in ji shi, bai juyo ba. "Kwana biyu ba ma ganin ka a kan gada."

"Ƙafa ce."

"Wai wa ke bin ka ne kullum da asuba? Matata ta ce ko aikin ɗan sanda kake nema. Na ce mata a'a, Ikrima ya wuce nan, sai dai in karatun ne ya ɗan taɓa..." Ya saki hannu ɗaya ya juya yatsa a gefen kansa.

"Riƙe kan babur ɗinka."

Ya yi dariya shi kaɗai. Gero ya fi mu tsawo hagu da dama.

Shekara bakwai na yi a Turkiyya ina karatun injiniyan ruwa. A shekara ta biyu Baba ya rasu, ban samu zuwa jana'iza ba. A watan na fara gudu a bakin teku. Daga baya muka zama mu huɗu: ni, wani Basudane, da wasu biyu 'yan ƙasar. Ba ma yawan magana. Duk Lahadin farko ta Oktoba mukan yi kilomita ashirin da ɗaya. Da za mu watse muka yi alkawarin kowa zai ci gaba da yi a inda yake, rana ɗaya, sa'a ɗaya, ya turo hoto. Shekara biyar ban fashi ba. Saura mako shida.

Ƙafata shimfiɗaɗɗiya ce, babu loko a tafin. A can wani mutum ya sa na taka wani abu mai laushi, ya ɗauki siffar ƙafata, ya yi min shimfiɗar cikin takalmi daidai da ita. Da ita nake gudu. Tana cikin takalmin, takalmin kuma yana cikin akwatin da na dawo da shi.

Kuskurena ke nan. Washegarin dawowata Umma ta buɗe akwatin a tsakar ɗakinta, dangi suka cika gida, ni kuma na fita gaida maƙwabta. Kafin in dawo an raba turare, an raba darduma, an raba carbi da alewa. Takalmin ma babu.

"Kawunka Ya'u ya ɗauka," in ji Umma. "Ya yi ta sa maka albarka har bakin ƙofa."

"Umma, ba tsaraba ba ce."

"To a cikin akwati yake."

"Na gudu ne. Tsoho ne ma."

"Shi bai raina ba." Ta ci gaba da ninke kaya. "Yayana ne, Ikrima. Shi ya riƙe ni da babanmu ya rasu. Ni zan aika masa ya dawo da takalmi? Da wane bakin?"

Na zaga Kano kwana biyu. Lamba arba'in da bakwai babu, sai na gwanjo da suka riga suka mutu a ƙafar wani. Ranar Juma'a na sayi kambas a kasuwar Wudil, mai siririn ƙasa kamar faranti. Na yi wata guda ban yi gudu ba, sai na tashi rana ɗaya na ce zan rama. Kilomita goma a kan kwalta, daga gida zuwa ƙetaren gada da dawowa. Washegari sha biyu.

Ban san me zan yi da sauran ranar ba shi ya sa. Aiki ban samu ba tukuna. Abokaina sun yi aure, hirarsu ta koma inda ba ni da abin cewa. In na zauna a majalisa sai a tambaye ni ko da gaske ana cin katantanwa a can, in amsa, a yi shiru, sai na tashi hira ta dawo. A kan hanya da asuba babu mai tambayata komai. Ni da masu kai madara ne, sai manyan motocin da suka kwana suna tafiya.

A mako na uku na sauko daga gado don sallar asuba, na taka ƙasa, na ji kamar an kafa min ƙusa a dunduniya. Na dafa bango. Bayan taku goma ya lafa. Da na fara gudu ya ɓace gaba ɗaya, sai na ɗauka ya tafi. Da yamma ya dawo. Wata biyu na yi a haka.

Umma ta ce sanyi ne, ta gasa min da ruwan zafi da tsumma, ta shafa man zafi. Maƙwabcinmu ya ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho. Ban yarda ba. Da abin ya kai ina hawa matakalar masallaci da gefen ƙafa, na je asibiti, aka tura ni ɓangaren gashin ƙashi.

Likitar sunanta Huseina. Ba ta kai ni shekaru ba. Ta danna babban yatsanta a wuri ɗaya ƙarƙashin dunduniya, na janye ƙafar ban shirya ba.

"Nan ne," ta ce. Ta ɗauki takarda ta zana ƙafa, ta ja layi daga dunduniya zuwa gindin yatsu. "Akwai wata jijiya mai kauri a nan, ita ke riƙe tafin ƙafa. Ka wahalar da ita, ta ɗan tsattsage a inda ta kama ƙashi. Da dare takan tsuke. Takun farko na safe shi ke sake buɗe ta. Da wane takalmi kake gudu?"

Na nuna mata kambas ɗin. Ta ninke shi gida biyu da hannu ɗaya.

"Da wannan? A kan kwalta? Da wannan ƙafar?"

"Nawa yana wajen kawuna."

"Aro ya yi?"

"Tsaraba."

Ta kalle ni, ba ta ƙara tambaya ba. Ta jera min abin yi. In daina gudu. In mirgina gorar ƙanƙara a ƙarƙashin tafin ƙafa minti goma, safe da yamma. In dafa bango in miƙar da sha-raɓa, domin in ta ɗaure tana jan dunduniya. Kafin in sauko daga gado in kama yatsu in ja su baya, in ƙirga talatin. Silifa a'a. Tafiya ba takalmi a kan siminti a'a.

"Ɗakin mahaifiyata fa? Masallaci fa?"

"Ban ce ka shiga masallaci da takalmi ba. Na ce ka rage." Ta rubuta a ƙasan takardar cewa in ƙafar ta kumbura, ko ta mutu, ko zafin ya koma kan ƙashi, in dawo a ɗauki hoto.

Na gaya mata maganar Oktoba.

"In ka samu takalminka da shimfiɗarsa, ka huta mako huɗu sosai, wataƙila. A hankali, ba tsere ba. In babu shi ka manta. Irin wannan ciwon yakan ɗauki watanni, kuma ba ya son gardama."

Shi ya sa na sayi sau-cikin fata. Musaya zan yi. Na shirya maganar tun a gida: Kawu, wancan tsoho ne, ba girmanka ba ne, ga wanda ya dace da kai.

Bilya ya ajiye ni a ƙofar gidan, ya ce zai je ya gaida surukansa, in kira shi in na gama.

Kawu Ya'u shi kaɗai yake zaune tun da matarsa ta rasu. 'Ya'yansa mata biyu suna aure a Kausani, ana kawo masa tuwo daga gidan ɗan ƙanensa. Na yi sallama sau biyu. Wata mata daga maƙwabta ta leƙo ta ce yana gona, yanzu zai dawo. Na zauna a dakali na kwance gorar. Rabin ƙanƙarar ya narke. Na cire takalmi na ɗora ƙafa a kai.

Daga nesa na gane takalmin kafin in gane mutumin. Shuɗi ne mai ratsin ruwan lemo. A saman sa wando ne naɗe zuwa ƙwauri, da riga 'yar shara, da malafa. Fartanya a kafaɗa. Tafiya yake da sauri.

Na mayar da gorar jaka, na miƙe, na durƙusa a kan ƙasa ba takalmi. Dunduniyar ta soke ni.

"A'a, Baturen Hansai," ya ce. Hansai sunan Umma ne, shi kaɗai ke kiran ta da shi. "Yau an tuna da mutanen ƙauye?"

"Ina wuni, Kawu."

"Lafiya lau. Ya hanya? Ya uwar taka? Ya ruwa a wajenku?"

"Lafiya lau, tana gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya baƙunta? Ko har yanzu tuwo na ba ka wuya?"

Muka yi gaisuwar har ƙarshenta. Ya buɗe zaure ya shimfiɗa tabarma. Kafin ya zauna ya kwance igiyar takalmin a hankali, ya cire, ya ɗauko wani tsumma daga kan taga ya goge taɓon da ke jiki. Ya ciro shimfiɗar ciki ya kaɗe ta, ya mayar. Ya ajiye su a gefensa, ba a bakin ƙofa ba.

A nan na ga ƙafarsa. Doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, babu loko, babban yatsan ya ɗan karkata waje. Na kalli tawa. Umma gajeriya ce, Baba ma ƙaramar ƙafa gare shi. Ban taɓa tambayar daga ina na samo ta ba.

Na fito da goro, da sukari, da sabulu. Ya sa albarka. Na fito da sau-cikin.

"Har da wannan?" Ya juya shi, ya shinshina fatar. "Madalla. Na Idi ke nan. Allah ya yi maka albarka." Ya tura shi bayan tabarma, kusa da sukarin.

Maganar da na shirya ta tsaya a nan. 

"Na ga kana ɗingishi," ya ce.

"Dunduniya ce."

"Ta dama?"

"Eh."

"Da asuba, in ka sauko. Kamar ƙusa."

Na ɗaga kai.

"Tawa hagu ce," ya ce. Ya ɓare goro ya ba ni rabi. "Shekara uku. An yi ƙaho, an yi tsaga, mai ɗori ya murɗa har na ga taurari. Wani ya ce taka sammu na yi, na sha rubutu har ya ishe ni. Gona nakan lallaɓa in rana ta ɗaga. Amma asuba ta gagare ni. Masallaci ga shi can, ka ga bishiyar darbejiyar nan? Taku ɗari biyu da sittin, na ƙirga. Kafin in isa an sallame. Sai na daina. Shekara biyu a nan nake yin ta, ni kaɗai, a kan wannan tabarmar. Ni da na yi shekara talatin ina bayan liman."

Ya nuna takalmin da haɓa.

"Yanzu ina zuwa. A leda nake sa su in shiga da su, in ajiye a gabana. Liman ya ce, Ya'u, takalmi kake bauta wa ko Allah? Na ce, Malam, wanda ya kawo ni nake tsaro."

Ya yi dariya. Na yi ƙoƙarin taya shi.

"Ba wai ya warke ba," ya ce. "Yana nan. Amma ana takawa."

Na fito da takardar Huseina na nuna masa zanen. Na gaya masa maganar jijiyar, da dalilin da ya sa safe ta fi zafi. Ya saurara kamar ana karanta masa wasiƙa. Na nuna masa jan yatsu kafin a sauko daga gado, ya gwada. Muka tashi muka dafa bangon zauren mu biyu, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya.

"In wani ya leƙo zai ce ture gidan muke," ya ce.

"Ƙirga talatin, Kawu."

"Da Turanci ko da Hausa?"

Na ba shi gorar. Saura 'yar ƙanƙara a tsakiya. Ya mirgina ta a ƙarƙashin ƙafa ya lumshe ido.

"A nan ina zan samu ƙanƙara?"

"Ko babu sanyin, mirginawar na taimako. Wani abu mai tauri, mai zagaye."

Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya jawo totuwar masara. Ya gwada. Ya ce ta fi gorar.

Muka koma kan tabarma. Kaji suka shigo suka fita. Na kalli takalmin. Na san kowane karce da ke jikinsa. Akwai wani a hancin na hagu da na samu ranar da na faɗi a bakin teku, Basudanen ya ɗaga ni muka ci gaba.

"Ikrima," ya ce. Yau ne karon farko da ya kira sunana. "Na san ba tsarabata ba ce."

Na ɗauke ido daga kan takalmin.

"Tun ranar na sani. Wa ke kawo wa kawunsa takalmin da aka taka? Ina zaune ana raba turare, na gan shi a gefe, na ce bari in ga ko akwai mai ƙafa irin tawa a duniya. Na zura. Na miƙe. Ka gane? Na miƙe kawai, ban dafa komai ba." Ya tofar da goro a gefe. "Sai na hau sa albarka da ƙarfi don kada Hansai ta samu bakin magana. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Wata huɗu ke nan ban shiga Wudil ba. Ko kasuwa aike nake. Kana tsammani hanya ce ta yi min nisa?"

"Kawu..."

"Bari in gama. Da na hango ka a dakali na san abin da ya kawo ka. Da ka fito da sau-cikin nan ma na gane. Ni ba yaro ba ne." Ya ɗora hannu a kan takalmin. "Naka ne. In ka zo karɓa, ka faɗa da bakinka, ka ɗauka, babu komai tsakaninmu. Amma ni ba zan miƙa ba. Na gwada a raina tun daga gona, hannun ya ƙi."

Ya ɗauke hannun. Takalmin na tsakaninmu a kan tabarma.

Na tuna Oktoba. Hoto huɗu muka ce za a riƙa turowa duk shekara, ɗaya bayan ɗaya, babu rubutu. Mutanen nan uku su ne suka san ni a shekarun da na zama abin da nake. In na fashi bana, za su ce Allah ya sawwaƙe. In na fashi baɗi, ba za su ce komai ba. Na san yadda ake fita daga irin wannan.

Aka kira la'asar daga wajen darbejiyar.

"Zo mu je," ya ce.

Ya jira. Ban taɓa takalmin ba, ban kuma yi magana ba. Ya jawo su a hankali ya sa, ya ɗaure igiya, ya cusa baƙar leda a aljihu. Muka fita. Yana gaba ina baya. Sau biyu ya tsaya ya jira ni.

Bayan salla na kira Bilya. Kawu ya rako ni bakin hanya da damin rama da gyaɗa a ƙulli, na Umma.

"Ba ka ce komai ba," ya ce.

"Sai na yi tunani."

"To. Ina nan. Ba gudu zan yi ba." Ya kalli ƙafarsa. "Ko da yake yanzu zan iya."

A hanya Bilya ya tambaya ko an dace. Na ce an gaisa. Ya ce ya ga tsohon da wani takalmi kamar na 'yan ƙwallo, ko ni na kawo masa. Na ce eh. Ya ce Allah ya ba mu masu zuwa Turai a danginmu. Muka iso kan gada. Kogin ya cika, ruwan ja. Masu ɗiban yashi sun ja kwale-kwalensu gefe. A nan nake juyawa in na yi kilomita biyar.

Umma na tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ajiye ramar da gyaɗar. Ta kalli jakata, ta ga babu nauyi, ta kalli ƙafata.

"Ya yake?"

"Lafiya lau. Yana gaishe ki. Yana zuwa masallaci."

"Da ma ya daina ne?"

Ba ta sani ba. Ban gaya mata ba.

"Ran Talata zan je in ɗauko shi," na ce. "Likita za ta duba ƙafarsa. A nan zai kwana."

"Ya'u zai zo Wudil?" Ta ajiye farantin. "To takalmin fa? Ka yi masa maganar?"

Na cika gorar na mayar da ita firiza. Na ɗauki kambas ɗin daga bakin ƙofa na jefa a kwandon shara. Na shiga ɗakina. Wayar na aljihu, akwai saƙo daga Basudanen tun rana, yana tambayar ya shiri. Zan amsa masa.

"Ikrima, da kai nake."

Na rufe ƙofa. Na ɗaga murya yadda za ta ji.

"Na bar masa, Umma. Bana ba zan yi gudun ba."